Ba talabijin nake wa kuka ba, tsakar gida nake wa

Ranar Alhamis, 14 ga Maris 2024, kwana kaɗan da fara azumi, wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka samu matsala, Ghana da maƙwabtanta suka wayi gari babu intanet. A gidanmu da ke Aboabo, bayan an dawo daga tarawihi, sai ga ƙannena kowa na jujjuya waya, wannan ya kashe ya kunna, wancan ya hau bene wai ko zai samu. Mma ta dube su ta ce, "To ku kunna wancan mana, ai ba don ado na saye shi ba."

Sai da muka yaye ƙyallen da ta lulluɓe akwatin talabijin da shi, muka nemo rimot a ƙarƙashin katifa, muka ciro batir daga tocila. Mu goma sha ɗaya muka zauna har da maƙwabciya da jikokinta biyu. Abin da aka nuna ba wani abin kirki ba ne, na ma manta shi. Abin da ban manta ba shi ne gardamar da aka yi ta yi da dariyar da aka sha. A daren na lissafa, na ga mun fi shekara ba mu zauna haka ba.

Duk wanda ya tashi a Zango a zamaninmu ya san yadda abin yake. Talabijin ya zo Ghana a 1965, kuma shekaru da yawa GBC ce kaɗai, kafin TV3 da Metro TV su shigo a 1997. A gidan haya mai ɗaki ashirin, sau da yawa mutum ɗaya ne ke da akwati. Da magariba ta wuce sai a fito da shi tsakar gida a ɗora kan tebur, manya kan benci, mu yara a ƙasa. A nan muka kalli Maame Dokono tana tatsuniya a By the Fireside. A nan kuma, ranar 2 ga Yuli 2010, Asamoah Gyan ya buga fanareti ya daki ƙarfe a wasanmu da Uruguay, daga Aboabo zuwa Asawase har Sabon Zango aka yi salati da murya ɗaya. Yau in ana ƙwallo, wani ya riga ya yi ihun an ci, na kusa da shi wayarsa tana can tana juyi.

Amma kada kewa ta sa mu yi wa kanmu ƙarya. Wannan akwatin bai taɓa zama namu ba. Hausa tana cikin harsunan da GBC ke watsa shirye-shirye da su, to amma minti nawa ake ba ta? Sauran lokacin Turanci ne da Tonanci. Da Adom TV ta fara nuna Kumkum Bhagya a 2015, Indiyawa ne ke magana da Tonanci, iyayenmu mata kuma suka riƙa jinkirta Isha'i saboda shi. Daga baya tashoshi suka yi yawa, sai ga wasu masu rawani da carbi suna zube takardun kuɗi a gaban kyamara, wai su malamai ne masu ninka sidi. Da sunanmu aka yi wannan cin amanar. Sai da aka kashe wani yaro a Kasoa a Afrilun 2021, bisa zargin tsafin neman kuɗi, kafin hukuma ta rufe wasu tashoshin. Saboda haka in wani ya ce mini zamanin talabijin zamanin tarbiyya ne, sai in ce masa, a'a Malam, a dai yi a hankali.

Gaskiyar da ya kamata mu faɗa ita ce, waya ta ba mu abin da talabijin ya hana mu. Da can sai mun jira ’yan kasuwa sun kawo faifan fim ɗin Kano, mu saya a Alabar, wani a kai gida ya ƙi yi. Arewa24 ta zo a 2014, amma sai mai tauraron ɗan'adam. Yanzu Izzar So da Labarina suna YouTube, ranar da aka sake su a Kano ranar ake kallonsu a Akwatia Line. Mma ba ta yi boko ba, amma tana sauraron tafsiri da harshen da ta sha a nono, duk lokacin da ta ga dama, tana kuma aika saƙon murya ga ɗanta da ke Hamburg. Wane gidan talabijin ne ya taɓa yi mata haka?

To ina matsalar take? Talabijin yana da abu biyu da waya ba ta da su: yana da lokacin tashi, yana kuma da shaidu. In aka fara nuna abin da bai dace ba, tarin Baba kaɗai ya isa a canza tasha. In dare ya yi, mai akwati ya ɗauke kayansa, kowa ya kama gabansa. Waya kuwa mutum ɗaya take wa magana, cikin kunne, a ƙarƙashin mayafi.

Ni a aji nake ganin sakamakon. Akwai wani yaro a ajin ƙarshe na JHS, mai kaifin kai, da ya koma barci tun darasin farko. Na kira mahaifiyarsa. Ta ce, "Malam, wallahi tun ƙarfe tara yake shiga ɗaki, ni nake rufe ƙofa da hannuna." Ba ƙarya ta yi ba. Yaron yana shiga ɗaki, amma TikTok yake bi har biyun dare, kuɗin kokon safe kuma shi yake zubawa data. Ga BECE saura wata huɗu. Uwar ta yi shiru, sannan ta ce, "Da talabijin ne da na ji ƙara." Wannan maganar tata har yau tana raina. Ban kuma iya yi wa yaron faɗa sosai ba, domin ni ma na san sau nawa na ajiye littattafan da zan duba na ce bari in kalli abu ɗaya, sai kiran assalatu.

Wasu na cewa a ƙwace wayoyin kawai. Na fahimce su, amma ban bi su ba. A 2020 da korona ta rufe makarantu, an buɗe Ghana Learning TV, amma yaran da na fi iya bibiya su ne waɗanda nake tura wa aiki ta WhatsApp ɗin iyayensu. Ɗinki, gyaran waya, lissafi, tajwidi, duk ana koyo a can. Wanda ka ƙwace wa waya zai ari ta abokinsa a bes wajen shan ataya, inda idonka ba ya kaiwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yaro na ƙarami ake koya masa yadda zai riƙe abin.

Abin da muka fara yi a gidanmu ba shi da tsada. Mun sayi ’yar igiyar da ke haɗa waya da akwati. Daren Juma'a da na Asabar, abin da kowa zai ɓuya ya kalla shi kaɗai, a babban allo ake sa shi. Ƙarfe goma kuma wayoyi na shiga kwanon Mma, har da tawa, sai bayan asuba. Makon farko an sha ƙunƙuni. Yanzu yaran ne ke tuna mini.

Saura abu ɗaya da ya fi damuna. Hausar da ke cikin wayoyin nan ta Kano ce da Kaduna, labaran ma nasu ne. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini wai tamu ba Hausa ba ce, gurɓatacciya ce. Ina labarin fataken goro da suka bi ta Salaga suka kafa unguwannin nan? Ina labarin 1969, lokacin da dokar gwamnatin Busia ta korar baƙi ta raba dangi, aka rufe gidaje a Zango, wasu ba su sake dawowa ba? Waɗanda suka gani da idonsu suna nan a bakin masallatai, kullum suna raguwa. Da can uzurinmu shi ne ba mu da gidan talabijin. Yanzu kowane saurayi yana yawo da kyamara a aljihu. Samarin Zango, ku zauna gaban tsofaffin nan, ku ɗauke su da Hausarmu yadda muke yin ta, ku sa a YouTube. Mu kuma za mu yaye ƙyalle, mu fito da benci tsakar gida, mu kalla tare.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu fi ƙarfin abin da ke hannunmu.