Kwamfutar da motarka ke bukata tana cikin aljihunka

Wata al'ada ta shigo wa masu motoci a Kano, kuma ta fi kama 'yan boko masu ɗan albashi. Mutum zai sayi motarsa 'yar Kwatano, Corolla ko Camry ko Accord, tun bai sauya mata taya ba, tun bai sa an duba burki ba, sai ya zarce wajen masu kayan ƙawa a ɓamɓare rediyon da ta zo da shi, a maƙala mata allon Android mai faɗin faranti. Akwai kuma wani rukuni, waɗanda suka taɓa karatun kwamfuta, da ke yi wa na farkon kallon ƙauyawa. Su burinsu su harhaɗa tasu da hannunsu: ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi a ƙarƙashin kujera, Linux a cikinta, ko ma Windows. Gardamar da rukunan biyu ke tafkawa ita ce wace na'ura ta fi, wace uwar manhaja ta fi dacewa.

Ni a ganina tun daga tambayar aka saki hanya. Kwamfutar da ta dace da mota a ƙasar nan ita ce wayar da direba ya riga ya saya. Abin da za a dasa a gaban mota kuwa, gwargwadon ƙarancin wayonsa, gwargwadon amfaninsa.

Titunan Nasarawa masu inuwar bishiyoyi ba su isa ma'auni ba. A gwada kowace na'ura da tafiyar ma'aikacin da ke aiki a birni amma iyayensa suna Zurgu, a ƙasar Rano. Duk ƙarshen mako zai kama titin Zariya, ya ratse a Karfi, ya bi ta Bunkure ya shiga Rano, daga nan ya nufi gida, wata rana ma ya zarce ƙauyukan Kibiya gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure. A irin wannan tafiya akwai gargada, akwai ƙurar hunturu, akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, sannan idan ya isa motar za ta wuni a ƙofar gida rana na dukanta. Duk na'urar da ba ta jure wannan shekara uku ba, kuɗinta sadaka ce aka yi wa mai shago.

Zafi ne ya fara kayar da su. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Kano yakan haura digiri 40 a inuwa, saman dashbod na motar da aka rufe a rana kuwa yana iya wuce 70. Masu ƙera kayan lantarki sun daɗe da raba kayansu aji-aji saboda wannan. Na amfanin gida da ofis ana gwada su ne daga digiri 0 zuwa 70, na mota kuma daga 40 ƙasa da sifili zuwa 85, wasu har 105 ko 125. Raspberry Pi, duk da kyanta, tana fara rage gudunta da kanta da zarar cikinta ya kai digiri 80, don kada ta ƙone. Allon kasuwa mai araha kuwa ba wanda zai nuna maka takardar ajin kayan da ke cikinsa. Kada a ɗauka wannan matsalar talakawan kamfanoni ce kawai. A 2021 Tesla ta janye motoci wajen 135,000 saboda ma'adanar bayanai mai gigabayit 8 da ke bayan allonsu ta gaji da yawan rubutu, allon ya mutu, ya tafi da kyamarar baya. Kamfanin da allo ne tinƙahonsa ke nan.

Sai wuta. Batirin mota volt 12 ne a suna kawai. Lokacin tayar da inji yakan faɗi ƙasa sosai, idan inji ya kama kuma altaneta ta ɗaga shi zuwa wajen 14. Kashe mota a wajen kwamfuta daidai yake da fizge filogi daga soket tana tsakiyar aiki. Wanda ya taɓa rasa aikinsa saboda ɗaukewar wuta ya san sauran labarin: katin memori da Linux ke zaune a kai yakan lalace idan ana yanke masa wuta yana rubutu, wata safiya a kunna allo a tarar da baƙi ƙirin. Akwai dabarun kauce wa haka, kuma gwanayenmu sun san su, amma kowace dabara ƙarin na'ura ce da ƙarin waya a bayan dashbod, kowace waya kuma wuri ne da gargada za ta kwance. Windows ba ma sai an daɗe a kanta ba. Manhaja ce da aka gina don mai zaune a tebur da linzami a hannu, mai haƙurin jiran ta tashi da jiran ta sabunta kanta. Tsofaffin ƙananan kwamfutocin da ake samu da araha galibi Windows 10 suke ɗauka, wadda Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro na bai-ɗaya tun 14 ga Oktoba, 2025. Ford da kanta, wadda ta gina tsarinta na Sync a kan manhajar Microsoft, ta sanar a 2014 cewa ta koma QNX.

Ina girmama masu harhaɗa kwamfutar mota, domin sana'ar koyo ce mai kyau, kuma ɗalibin injiniya da ya yi ta ya ƙaru. Sai dai su tuna daga ina sha'awar ta samo asali. A farkon shekarun 2000 wasu matasa a Amurka da Turai suka riƙa cusa kwamfuta mai Windows XP a but ɗin mota, saboda a lokacin babu wata hanyar tafiya da dubban waƙoƙi da taswira wuri guda. iPhone ta fito a 2007, wayar Android ta farko a 2008, sai dalilin ya fara gushewa. Da CarPlay ta zo a 2014, Android Auto ta biyo a 2015, ya gushe gaba ɗaya. Mu kuma, kamar yadda muka saba, sai da aka tashi daga kasuwa muka iso da kayanmu.

A nan ne mai shago yake cin kasuwarsa, domin abubuwa uku ne masu suna kusan ɗaya, shi kuwa duk "Android" yake ce musu. Android Auto manhaja ce da ke aiki a wayarka, allon mota madubi ne kawai da take haskawa a kai. Android Automotive ita ce wadda masu ƙera mota ke ginawa cikin motar tun daga masana'anta, kamar Polestar 2 ta 2020. Na ukun, wanda ya cika shagunanmu, ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Ƙaramar kwamfutar hannu ce maras suna da aka sa wa firam daidai ramin rediyon Corolla. Masu arahar cikinsu sukan zo da tsofaffin ƙwaƙwalwa irin AC8227L, kuma sanannen abu ne a wajen masu bin diddigin na'urorin cewa da yawa suna ƙarya a kan kansu: shafin bayani ya rubuta Android 12 ko 13 alhali abin da ke ciki ya girme hakan da shekaru, ya rubuta memori ninki biyu na gaskiya. Daga ranar da aka ɗaura ta ba za ta sake ganin gyaran tsaro ba. A cikinta ne likita ko lauya ko ma'aikacin banki zai shigar da adireshinsa na Google, wanda ke riƙe da wasiƙunsa da hotunan iyalinsa da lambobin duk wanda ya sani. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0 da ake samu a cikin na'urori masu araha, wani lokaci tun kafin a sayar da su, kuma allunan mota na kasuwa suna cikin jerin da ta ambata. Idan mai mota ya sayar da motar, ko ya bar ta kwana biyu a gareji, adireshin yana nan a buɗe.

Amma asarar da ta fi ci mini rai ita ce ta rediyo. Bahaushe ba ya tuƙi shiru, kuma abin da yake ji a hanya ba fim ba ne. Labaran BBC ne da tashoshin gida ke ɗaukowa, Inda Ranka ce da Kowane Gauta a Freedom Radio, tafsiri ne a watan azumi, sanarwar rasuwa ce da ta cigiya, farashin taki ne da hasashen damina. Wannan duka kyauta yake zuwa ta iska, ba ya cin data ko ta naira ɗaya, ba ya tsayawa yana juyi don an shiga kwari. Rediyon da kamfanin mota ya sa an ƙera shi ne ya kamo tasha daga nesa, da eriya mai ƙara ƙarfin sigina. Na allon kasuwa kuwa cikon lissafi ne. Wasu ba su da zangon AM sam, wanda shi ne ke kai muryar Rediyon Kano da Rediyon Kaduna lungunan da FM ke gajiya. Sau da yawa ma mai rewaya yakan bar wayar da ke ba eriya wuta a sake, saboda a cikin birni, inda tashoshi ke kusa, ba wanda zai lura. Sai an wuce Bunkure 99.5 ta fara shashsheƙa, mai mota ya ɗora laifin a kan tashar. Ya ba da kuɗi an cire masa abin da ke aiki a Zurgu, an sa masa abin da ke burge abokai a Zoo Road.

(Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka suna da nasu ƙorafin na gaskiya: rediyonsu yana tsallen AM goma-goma ne, mu kuwa tara-tara muke, shi ya sa 729 ba ta zama daidai sai dai a kama ta a 730. Ƙaramin ciwo ne, bai kai a yanke hannu ba.)

Duk abin da na lissafa dukiya ce, ana iya mayar da ita. Saura abin da ba a mayarwa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowane sakan. Kallon allo na sakan biyu tafiyar mita 56 ce ido a rufe, a hanyar da ta ratsa ƙauyuka, inda yaro zai iya biyo akuya a guje, inda mai babur ɗauke da buhun masara zai fito daga gona ba sallama. Maɓallin murɗawa hannu ne ke haddace shi, direba yana rage murya idonsa na kan titi. Gilashi kuwa sumul yake, yatsa ba ya gane komai a kansa sai ido ya raka shi. A 2022 mujallar motoci ta Vi Bilägare ta ƙasar Suwidin ta gwada wannan: ayyuka huɗu da direban tsohuwar Volvo V70 ta 2005, mai maɓallai, ya kammala cikin sakan 10, sun ci wa direban wata sabuwar MG mai allo fiye da sakan 40. Hukumar gwajin lafiyar motoci ta Turai, Euro NCAP, ta tsayar da cewa daga 2026 motar da ke neman cikakken maki sai ta tanadi maɓallai na zahiri ga muhimman ayyuka irin su sigina da hon da goge gilashi. Masu ƙera motocin suna komawa baya da kunya, mu muna biyan kuɗi a kai mu inda suka gudo. Allon kamfani yakan hana bidiyo tafiya idan mota na motsi. Na kasuwa kuwa wannan kariyar ce abu na farko da ake kashewa, har ma a tallata wa mai saye hakan a matsayin garaɓasa. Wanda ya taɓa zama a motar haya direba na satar kallon fim ɗin Kannywood a kwana ya san yadda salati ke zuwa baki ba shiri. Jami'an kiyaye haɗurra suna tare mai amsa waya, amma mai talabijin a gaban sitiyari yana wuce su yana ɗaga hannu.

Za a ce to kyamarar ribas fa, da taswira mai girma? Wannan hujja ce mai ƙarfi. Kyamarar baya tana ceton rai, musamman a gidajenmu da yara ke wasa a bayan mota, kuma Amurka ta wajabta ta ga sababbin motoci tun Mayun 2018. Sai dai kyamara ba ta bukatar uwar manhaja. Ƙaramin allo ko madubi mai nuna hoto ya ishe ta, kuma yana kunnuwa nan take, ba sai an jira Android ta gama miƙa ba alhali an riga an fita daga layi. Taswira kuma wayarka ta fi kowane allon kasuwa iya ta. Google Maps tana ba da damar sauke yanki guda a gida a yi amfani da shi ba intanet, haka OsmAnd da Organic Maps. Ɗan Zurgu dai ba taswira ce za ta nuna masa hanyar gidan ubansa ba.

Saboda haka ga wanda rediyon motarsa ke aiki, shawarata ya bar shi inda yake, ya sayi ƙaramar na'urar Bluetooth da mariƙin waya mai ƙarfi, ya zuba karatunsa da waƙoƙinsa a waya ko filashi tun kafin ya tashi. Kuɗin duka bai kai na taya ɗaya ba. Wanda rediyonsa ya mutu, ko yake son allo ko ta halin ƙaƙa, ya nemi na kamfanin da ke da suna da adireshi, irin Pioneer ko Sony ko Kenwood, mai Android Auto ko CarPlay, mai AM da FM, mai maɓallin murya na murɗawa. Irin wannan allo ba ya riƙe sirrin kowa. Wayar ce ke tunani, ita ke samun gyaran tsaro, ita ke fita tare da mai ita idan ya kulle mota, ba ta wuni a rana. Ranar da ya sauya waya, motarsa ta sami sabuwar kwamfuta ba tare da an kwance ko kusa ɗaya ba.

Wanda kuma ya riga ya sayi na kasuwa, ya buɗe Play Store ya duba a cikin saituna ko na'urar tana da shaidar Play Protect. In ba ta da ita, ya cire adireshinsa na Google yau, ya buɗe mata wani na daban wanda ba komai a ciki. Ya koma wajen mai rewaya ya ce masa, "Malam, a haɗa mini wayar eriya, a mayar da kariyar bidiyo." Idan da sauran aiki a gaba, ya tsaya a kansa kada a yanke wayoyin motar na asali, a nemo soket ɗin da ya dace da ƙirarta, domin a motocin zamani rediyo yana magana da sauran sassan mota ta layi ɗaya, kuma haɗin ganganci ne ke sa batir ya wayi gari a kwance. Tsohon rediyon ma ya karɓo abinsa, kada ya bar shi a shago a matsayin ragin kuɗin aiki.