Durƙuson Da Aka Kira Raini

 

A ƙasar Hausa, yaron da ya zo gaida mahaifinsa yana tsaye ƙiƙam, cewa za a yi ba shi da tarbiyya. Amarya durƙusawa take yi ta gaida surukarta. Almajiri gurfana yake yi gaban malaminsa. Talakan da aka ci wa iyakar gona kuwa, in ya nufi fada, tun daga ƙofa yake cire takalmi, ya zube ƙasa, sannan ya kai kukansa. A wurinmu, duk inda gwiwa ta taɓa ƙasa, ladabi ake nufi. Shi ya sa Bahaushe zai riƙe baki in aka ce masa akwai ƙasar da wani saurayi ya durƙusa, bai zagi kowa ba, bai ko ɗaga murya ba, amma aka ce ya ci mutuncin ƙasa, har ya rasa sana'arsa. Ƙasar ita ce Amurka. Saurayin kuma shi ne Colin Kaepernick.

Kaepernick tsohon ɗan wasa ne a wasan nan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, wanda mu a idonmu ya fi kama da zari-ruga. A da shi ne madugun ƙungiyar San Francisco 49ers, mai jefa wa 'yan gaba ƙwallo, kuma shi ya kai ta wasan ƙarshe na gasar NFL a watan Fabrairun 2013. Al'adarsu a can, kafin a take wasa sai an rera taken ƙasa, kowa ya miƙe ya fuskanci tuta. A watan Agustan 2016 aka lura shi yana zaune a benci. Da 'yan jarida suka tambaye shi, sai ya ce ba zai miƙe ya yi alfahari da tutar ƙasar da ke danne baƙar fata ba, alhali ga gawarwaki a titi, waɗanda suka yi kisan kuma suna gida ana biyansu albashi.

Ba haka kawai ya faɗi wannan magana ba. Ranar 5 ga Yulin shekarar, 'yan sanda sun harbe wani baƙar fata mai suna Alton Sterling a garin Baton Rouge. Washegari, a jihar Minnesota, ɗan sanda ya tsayar da motar wani baƙar fata mai suna Philando Castile, ma'aikacin ɗakin cin abinci na wata makaranta, ya harbe shi yana zaune a kujerar direba. Budurwarsa na gefensa, 'yarta mai shekara 4 na kujerar baya. Duniya ta ga abin da ya biyo baya kai tsaye a Facebook. Bayan shekara guda kotu ta wanke ɗan sandan.

To yaya aka yi zama ya koma durƙuso? A nan ne labarin yake da abin lura. Wani tsohon sojan kundumbala na Amurka, farar fata, mai suna Nate Boyer, ya rubuta wa Kaepernick buɗaɗɗiyar wasiƙa yana nuna zaman nan ya sosa masa rai. Kaepernick bai mayar da martani da zafi ba, sai ya nemi su haɗu. Suka zauna suka tattauna. Boyer ya ba shi shawara cewa maimakon zama, gara ya durƙusa, domin soja ma kan durƙusa a gaban kabarin ɗan'uwansa da ya mutu a fagen fama. Ranar 1 ga Satumban 2016, a birnin San Diego, Kaepernick da abokin wasansa Eric Reid suka sa gwiwa a ƙasa. Boyer na tsaye kusa da su, hannunsa a ƙirji. Wato dai mai ƙorafin ya nemi hanyar da ta fi ladabi, kuma soja ne ya nuna masa ita.

Sai dai ladabin bai cece shi ba. Aka yi ta yi masa ihu a filayen wasa, aka ƙona rigunan da ke ɗauke da sunansa. A watan Maris na 2017 ya rabu da ƙungiyarsa, kuma daga ranar babu ko ɗaya cikin ƙungiyoyi 32 na gasar da ta sake ɗaukarsa. A watan Satumban wannan shekara, Shugaba Donald Trump ya tsaya gaban magoya bayansa a jihar Alabama, ya zagi masu durƙuson da kalmar da ba ta faɗuwa a rediyo, ya ce a kore su daga aiki. Kaepernick ya shigar da ƙara cewa masu ƙungiyoyin sun haɗa baki a kansa. Aka sasanta a ɓoye a watan Fabrairun 2019, amma fili bai sake ganinsa ba.

Jama'a, ba shi ne farau ba. Mu koma baya zuwa 16 ga Oktoban 1968, gasar Olamfik a birnin Meziko, wata shida bayan an harbe jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, Martin Luther King. An yi tseren mita 200. Tommie Smith ya ɗauki zinare da daƙiƙa 19.83, gudun da ba a taɓa yin irinsa ba a lokacin. John Carlos ya ɗauki tagulla. Dukansu baƙaƙen Amurka ne. Suka hau dandamalin karɓar lamba ba takalmi, sai baƙar safa, don tuna talaucin mutanensu. Da aka fara taken ƙasa, suka sunkuyar da kai, kowannensu ya ɗaga dunƙulallen hannu sanye da baƙar safar hannu. Cikin 'yan kwanaki aka kore su daga masaukin 'yan wasa. Suka koma gida suka tarar da zagi da barazanar kisa.

Akwai mutum na uku a kan dandamalin, wanda aka fi mantawa da shi. Peter Norman ne, farar fata daga Ostareliya, wanda ya zo na biyu. Shi bai ɗaga hannu ba, amma ya maƙala bajon ƙungiyarsu ta neman haƙƙin ɗan'adam a ƙirjinsa. Da ya rasu a 2006, Smith da Carlos suka yi tattaki har Melbourne, suna cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Sai a 2012 majalisar dokokin ƙasarsa ta nemi afuwarsa bisa yadda aka yi watsi da shi, shekara 6 yana cikin kabari.

Sai kuma 1996. Mahmoud Abdul-Rauf, gwanin ƙwallon kwando na ƙungiyar Denver Nuggets, wanda aka haifa da sunan Chris Jackson a jihar Mississippi kafin ya musulunta, ya daina miƙewa lokacin taken ƙasa. Ya ce tutar a wurinsa alamar zalunci ce, kuma imaninsa bai ba shi ya tsaya mata ba. Ba duk Musulmi ne suka goyi bayansa ba. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda shi ma tauraro ne a gasar NBA a lokacin, ya nuna cewa a fahimtarsa Musulmi nagari ɗan ƙasa ne nagari mai mutunta doka. Hukumar gasar ta dakatar da Abdul-Rauf, ya rasa wasa guda, sannan aka daidaita: zai miƙe tare da kowa, amma zai buɗe tafukansa yana addu'a. Ya yi hakan, aka ci gaba da yi masa ihu. Ƙarshen kakar aka tura shi wata ƙungiya, tauraruwarsa ta fara dusashewa. A 2001 gobara ta cinye gidansa a Mississippi.

Yanzu ku jera su ku duba. An ɗaga hannu, aka ce tsageranci ne. An zauna, aka ce raini ne. An tsaya ana addu'a, aka yi ihu. An durƙusa bisa shawarar soja, aka ce cin amanar ƙasa ne. Salo huɗu, amsa ɗaya. In kowane salo bai yi ba, ashe ba salon ne ya ɓata wa mutane rai ba, ƙorafin ne ba a son ji. Aka kwashe shekaru ana gardama a kan gwiwa da tuta, maganar wanda aka harbe a cikin motarsa kuwa ta bi iska. An bar jaki ana dukan taiki.

Amma adalci ya ce mu saurari ɗaya ɓangaren. Akwai uwar da aka kawo mata gawar ɗanta soja a akwati lulluɓe da wannan tuta, aka naɗe tutar aka miƙa mata. In ta ga wani ya ƙi tsayawa, zuciyarta za ta yi zafi, kuma zafin nata gaskiya ne. Akwai ma'aikacin da ya yi mako yana wahala, ya biya kuɗinsa ya shiga fili don ya huta, ba don a yi masa wa'azi ba. Akwai kuma batun doka. Tun 1943 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa gwamnati ba ta da ikon tilasta wa ɗan makaranta ya sara wa tuta. Sai dai wannan kariya daga gwamnati ce, ba daga kamfani ba, kuma ƙungiyoyin wasa kamfanoni ne. Mai ƙungiya na iya cewa a filinsa ga yadda yake so.

Duk da haka, masu cewa kada a haɗa wasa da siyasa sun makara, domin tuni aka haɗa. Wanda ya shimfiɗa tuta mai girman fili, ya sa jiragen yaƙi suka yi shawagi a saman 'yan kallo, shi ya fara shigo da ita. A 2015 wasu sanatoci biyu, John McCain da Jeff Flake, sun fitar da rahoton da ya nuna ma'aikatar tsaron ƙasar ta biya ƙungiyoyin wasanni miliyoyin daloli don shirya bukukuwan karrama sojoji a filaye. Shi kansa taken, wanda ya rubuta shi a 1814, Francis Scott Key, mutum ne da ya mallaki bayi. Saboda haka jikan bawa da jikan ubangijin bawa za su iya jin waƙa ɗaya, amma ba lallai ta faɗa musu abu ɗaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan mafi yawan 'yan wasan NFL baƙaƙen fata ne. A ce wa mutum muna son ƙafarka da damtsenka amma ba ma son bakinka, wannan tsohon ciniki ne, kuma kakanninsu sun san shi.

Ranar 25 ga Mayun 2020, a birnin Minneapolis, wani ɗan sanda mai suna Derek Chauvin shi ma ya durƙusa, amma a kan wuyan wani baƙar fata mai suna George Floyd, fiye da minti 9, har rai ya yi halinsa. Wata yarinya ta ɗauka da wayarta. Birane suka cika da masu zanga-zanga. Cikin makonni biyu shugaban gasar NFL, Roger Goodell, ya fito ya ce sun yi kuskure da ba su saurari 'yan wasansu tun farko ba. A wannan jawabin bai ambaci sunan Kaepernick ba. Kotu ta ɗaure Chauvin shekara 22 da rabi a 2021. Mai hasashen gobara dai an kore shi, sai da gida ya kama aka ce ashe gaskiya ya faɗa. Ihu bayan hari.

Daga nan abin ya iso mana har gidajen kallo. Duk mai bin gasar Firimiya ta Ingila ya tuna watan Yunin 2020, lokacin da aka dawo wasa bayan kullen korona: alƙalin wasa ya busa usur, 'yan wasa 22 da shi kansa su durƙusa na 'yan daƙiƙoƙi, sannan a take leda. Abin da ya raba wani da abincinsa ya zama abin da kowa ke yi ba tare da asarar ko kwabo ba. Shi ya sa a 2021 Wilfried Zaha na Crystal Palace ya daina, ya ce durƙuson ya koma al'ada kawai, zagin da ake yi musu kuwa bai tsaya ba. Ba a daɗe ba maganarsa ta tabbata. A watan Yulin shekarar, da Ingila ta sha kashi a hannun Italiya a wasan ƙarshe na cin kofin Turai, Bukayo Saka, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, da Marcus Rashford da Jadon Sancho suka ɓarar da bugun fanareti. Kafin gari ya waye an cika shafukansu da zagin launin fata. In ka ci, kai ɗan ƙasa ne. In ka ɓarar, sai a tuna maka asalinka.

Abin da nake son mu ɗauka a nan, masu sauraro, shi ne kishin ƙasa ba a tsayuwar minti biyu ake auna shi ba. Wanda ya fid da rai da ƙasarsa ba ya ɓata lokacin yi mata ƙorafi. Sai wanda har yanzu yake ganin za ta gyaru ne ke tsayar da ita ya tuna mata alkawarinta. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma tarihi ya nuna hakan: a 2005 jami'ar San Jose ta kafa mutum-mutumin Smith da Carlos, ɗalibanta biyu da aka taɓa kora daga masaukin 'yan wasan Olamfik da wulaƙanci. Amma shekara 37 ta yi yawa a jira kafin a ce wa mutum ka yi daidai.

Mu koma fadar da muka fara da ita. Talaka ya cire takalmi, ya zube gaban sarki. Sarki mai adalci ba ya tsayawa duba ko gwiwar dama ya sa ko ta hagu, ko lokacin da ya zaɓa ya dace, ko ya katse wa makaɗa kiɗa. Fadawa za su ce masa an gaishe ka, sannan a yi masa tambaya guda: me ke tafe da kai? Tun daga 1968 'yan wasan nan ke jiran wannan tambaya a kan lokacinta. Duk ƙasar da ta koyi yin ta tun mai kuka na da rai, ba za ta buƙaci neman afuwa a bakin kabari ba.