Matse Fim a Kwamfuta: A Ci Hatsi, A Bar Iri

Duk wanda ya zagaya kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi zai ga rumfunan masu tura fina-finai cikin waya. Galibin tsofaffin fina-finan da ke hannunsu daga faifai aka kwafo su, aka matse don su sami wuri a ma'ajiyar kwamfuta. A nawa ra'ayi matsewar ba laifi ba ce. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda muke yin ta, da kuma watsin da muke yi da asali bayan mun gama.

Bari mu fara da lissafi. Abin da ido ke gani yana motsi a bidiyo hotuna ne 25 ke wucewa cikin daƙiƙa guda. A faifan DVD kowane hoto yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye. In aka ba kowane ɗigo bayit 3, hoto ɗaya zai ci kusan megabayit 1.2, sa'a guda kuwa ta haura gigabayit 100. Alhali faifan gigabayit 4.7 kawai yake ɗauka. Ashe ke nan tun daga masana'anta a matse fim ɗin ya zo.

To, yaya ake matsewar? Alal misali, mutum na magana a ƙofar zaure. Bangon ba ya motsi, saboda haka na'ura ba ta sake adana shi sau 25, abin da ya canja kaɗai take rubutawa. Sannan takan zubar da ƙananan bambance-bambancen launi waɗanda ido bai cika lura da su ba. Faifan VCD da tsarin MPEG-1 yake aiki, DVD da MPEG-2. Tsarin H.264 na 2003 da H.265 na 2013 sun fi su gwaninta, suna ba da hoto mai kyau a ƙaramin wuri.

Abin lura a nan shi ne, abin da aka zubar ya tafi ke nan. Tumatirin da manomin Zobe ya shanya, kome jiƙon da aka yi masa ba ya komawa ɗanye. In aka matse abin da aka riga aka matse, aka sake matsewa, fuskoki sai su dusashe, hoto ya farfashe gida-gida.

Wani zai ce ma'ajiya na da tsada, kuma a ƙaramin gilashin waya ba a ganin bambanci. Gaskiya ne, amma gobe fa? Fim ɗin Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990 a kaset ya fito, ga shi yau na'urar kallon kaset ta yi wuya. Faifai ma yana karcewa. Bidiyon hawan Sallah da na bikin yaye ɗalibai tarihinmu ne, kuma ba a maimaita su.

Shawarata ga malamai da ɗalibai ita ce, a kwafi faifai yadda yake ba tare da ragi ba, a adana a wuri biyu. Daga wannan asali za a riƙa matse na kallo, sau ɗaya tak, da manhaja irin HandBrake wadda kyauta ce. A gwada minti biyu tukuna, a duba inda ake gudu ko duhu, domin nan aibi ke fara bayyana. Fim ɗin da ba naka ba kuwa, a nemi izinin mai shi kafin a yaɗa, don guminsa ne.

Manomin kirki ba ya daka irinsa don rumbu ya yi masa kaɗan. Allah Ya sa mu gane.