Katafila mai iyo: yadda tsibirai ke yasar teku don su tsira da ƙasarsu

Duk wanda ya taɓa mallakar rijiya ya san haƙa ta sau ɗaya ne, yasa kuwa ba ta ƙarewa. To, irin wannan aiki ne wasu ƙananan ƙasashe na tsakiyar teku suke kansa yau, sai dai su abin da suke neman ceta shi ne ƙasar da suke takawa.

Binciken masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna ruwan teku ya hau da kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, saboda ɗumamar duniya. Ga mutumin Tawa ko Damagaram wannan taƙi guda ne. Amma ƙasar Maldif, da ke tekun Indiya, tsibirai ce kusan 1,200, kuma mafi yawan filinta bai kai mita 3 bisa ruwa ba. Tuvalu, a tekun Fasifik, mutanenta ba su wuce dubu 11 da ƴan kai ba, suna zaune kan ƴan tsibirai tara. A irin waɗannan wurare, igiyar ruwa in ta taso sai ta shiga ɗaki da shago, gishiri kuma ya ɓata rijiya da gona.

Babban makaminsu shi ne yashin da ke kwance ƙarƙashin ruwa. Manyan jiragen ruwa ke zuƙo shi daga wuri mai zurfi, su feso shi inda ake son tudu. Amma kusa da gaɓa ruwa ba zurfi, jirgi ba ya isa, katafilar da muka saba gani tana gyaran hanya kuwa nutsewa za ta yi cikin laka. Nan ne amfanin katafila mai iyo. An ɗora ta ne kan manyan tankunan ƙarfe biyu da iska kawai ke cikinsu, aka zagaye su da sarƙar tafiya. Haka take tafiya a tudu, ta ratsa taɓo, ta yi iyo. In ruwa ya ƙara zurfi, sai a kafa mata turakun ƙarfe su riƙe ta. Da dogon hannunta take buɗe hanyar kwalekwale, ta jera duwatsu ko manyan buhunan yashi a bakin gaɓa. Akan kuma ɗaura mata famfo ta riƙa tura yashi ta bututu.

Cikon gaɓa da ganuwa sun yi rana. Bayan ambaliyar 1987, ƙasar Japan ta taimaka aka zagaye Male, babban birnin Maldif, da ganuwa. Da igiyar tsunami ta zo ranar 26 ga Disamba 2004, ruwa ya shiga birnin, amma ganuwar ta rage ɓarna ƙwarai. Tun 1997 kuma suka fara cike wani sabon tsibiri, Hulhumale, mai tsawon kusan mita 2 bisa ruwa, wanda yau dubban iyalai ke zaune cikinsa. A Tuvalu, asusun yanayi na duniya ya ba da dalar Amurka miliyon 36, wato sama da miliyar 20 na sefa, don kare gaɓa. A 2023 aka kammala cike sabon fili mai faɗin hekta 7 da ɗoriya a Funafuti, babban birnin ƙasar.

Sai dai ɗan kasuwa ba ya duba riba ya manta da uwar kuɗi. Yasa tana gurɓata ruwa, laka ta rufe duwatsun murjani inda kifi ke hayayyafa, masunci da mai sayar da kifi su ji a aljihunsu. Inda aka tare igiya a nan, sau da yawa sai ta koma ta ci gaɓar maƙwabta. Gishirin teku yana cin ƙarfe, ga gazuwal, ga kayan gyara da ake yo oda daga waje. Su kansu mutanen Tuvalu ba su dogara ga ciko kaɗai ba: a 2023 gwamnatinsu ta ƙulla yarjejeniya da Ostareliya, wadda ta ba mutum 280 damar ƙaura can kowace shekara, kuma da aka buɗe rajista a 2025 dubbai suka rubuta sunansu. Injin yana saya musu lokaci, amma bai hana teku hawa ba.

Nijar ba ta da teku, amma ta san yashi da ambaliya. Ƙoramu na kwaso yashi daga filayen da aka sare wa itatuwa su zuba cikin kogin Isa, cikinsa ya cushe, ruwa kuma ya nemi hanya. In ba a manta ba, a 2020 ruwa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shinge, ya mamaye unguwanni irin su Lamorde da gonakin shinkafa na Saga. Duk mai sayar da shinkafa ko kayan miya ta san abin da irin wannan asara ke yi wa farashi. A Najeriya, gwamnatin jihar Jigawa ta sayo irin wannan katafila don yashe kogin Haɗeja da cire ciyawar kachalla, kuma ruwan nan ne ke gangarowa Komadugu, inda manoman tattasai na Difa ke ban ruwa.

Saboda haka, duk ranar da aka ce za a kawo injin yasa, akwai tambayoyin da ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa su yi. Wa zai biya mai da gyara bayan an gama bikin ƙaddamarwa? Ina za a zuba yashin da aka kwaso, a ƙarfafa shinge da shi ko a bar shi a baki damina ta mayar? Me ake yi a can tudu, inda yashin ke tasowa? A shekarun 2000 Hukumar Kogin Isa, mai mazauni a Yamai, ta gudanar da shirin yaƙi da cushewar kogi a Nijar da Mali da Burkina Faso, inda aka mai da hankali kan kafe tuddan yashi da farfaɗo da filaye. Irin wannan aiki da yasa tare suke tafiya.

Tsibiran nan sun nuna yasa tana tsare gari in an tanadi kuɗinta shekara da shekaru, in kuma an lissafa asarar masunci tun farko. Inda ba a yi haka ba, injin zai koma tulin tsatsa a bakin ruwa, bashin sayensa kuma ya rage kan talaka. Allah ya kiyashe mu.