Begen da ba ya buƙatar lasifika

Manomin Fammar, a ƙasar Kibiya, ya san abin da mazaunin birni kan manta: irin da aka binne da farkon damina ba ya motsi a ido, amma shi ke cika rumbu da kaka. Kusan haka Kirista ke nufi da bege, wato dogara ga alkawarin Allah tun ido bai ga cikarsa ba. Yesu ya kwatanta mulkin Allah da ƙwayar mastad da kuma yisti a cikin gari, abubuwa ƙanana masu aiki a ɓoye.

Tarihin Kiristanci a ƙasar Kano ya bi wannan sawu. A 1900, Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller suka iso birnin da ayarinsu, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Abin da ya ɗore daga baya aiki ne mai tafiyar hawainiya: fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda ta fito a 1932, jinyar kutare a Yadakunya, da asibitin ido da mishan ɗin SIM ta buɗe a Kano a 1943, wanda Musulmi da Kirista ke zuwa har gobe. A kudancin jihar kuwa, wajejen Rano da Sumaila da Tudun Wada, Maguzawan da suka karɓi Kiristanci sun fi jin bishara daga bakin ɗan'uwa, ko mai wa'azin ƙauye da ke noma gonarsa kamar kowa.

Abin damuwa shi ne yadda 'ya'yan waɗannan ƙauyuka, da suka yi boko suka koma birni, suka fara auna aikin Allah da girman gini, da yawan taro, da ƙarar lasifika. Da wannan ma'auni, majami'ar laka mai 'yan benci kaɗan ba ta da daraja, malamin da ke koya wa yara karatu a cikinta kuma ya zama wanda aka manta da albashinsa.

Ra'ayina shi ne, wanda ya gaskata cewa Allah kan yi aiki a ɓoye, sai ya kai dukiyarsa da iliminsa inda babu mai tafa masa: kuɗin makarantar maraya, gyaran rijiyar da maƙwabci Musulmi ma zai sha, ziyarar tsohuwar da ba ta iya zuwa sujada. Bahaushe ya ce mahaƙurci mawadaci, amma haƙurin mai bege ba zaman jira ba ne. Aiki ne kullum, a bar wa Allah lokacin girbi.