Daga Milan zuwa garin shadda: kwana huɗu ni da Alhaji a tsaunukan Alps

Mu matan 'yan kasuwa mun san shadda a hannu. Da mun taɓa mun gane ta gaske mun gane jabu, mun san yadi nawa zai fitar da babbar riga. Amma a tambaye mu garin da ake saƙa ta, ko wurin wa maigida ke saro ta, sai mu ce "Alhaji ne ya sani." To ranar da Alhaji ya kwanta ciwo fa? Mun sha ganin shago ya rufe da jarinsa a ciki, don kawai uwargida ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Shi ya sa bana da maigida zai tafi saro kaya Turai na ce ƙafata ƙafarsa, muka bar wa ƙanena shagonmu na Kwatano.

A Milan ta Italiya muka gama da takalma da jakunkuna, saura leshi da shadda a Ostiriya. Tsakanin nan da can tsaunukan Alps ne suka gitta. Muka ɗauki hayar mota, muka gaya wa masu ita za mu ƙetare iyaka. Tafiyar ba ta kai kilomita 400 ba, amma ƙasa huɗu ake takawa: Italiya, Suwizalan, Liechtenstein da Ostiriya. Bizar Shengen guda ɗaya ta isa duka, kuma hannun dama suke bi kamar mu.

Ranar farko muka bi gefen tafkin Como, wanda zurfinsa ya haura mita 400, muka tsaya cin rana a Varenna. Aka kawo mana kifin tafkin da wani abu da suke kira polenta. Na kai loma ɗaya na dubi Alhaji na ce, "Wannan ai tuwon masara ne, miyar kuka kawai ya rasa." A Chiavenna muka kwana, da gangan, don da an shiga Suwizalan kuɗin ɗaki da na abinci sai su yi tsalle, kuma can faran ɗinsu suke kashewa, ba Yuro ba.

Washegari muka hau mashigin Maloja, mai tsayin mita 1,815. Hanya ce mai kwana a kan kwana kamar maciji ya naɗe, dutse a gefe guda, rami a ɗayan. Na riƙe ƙofa na ce, "Alhaji, a hankali dai, 'ya'yana ƙanana ne." Ya ce, "Hajiya, ki daina leƙa ramin, ki dubi sama." Da na ɗaga kai sai ga dusar ƙanƙara fari fat a kan kololuwa, a tsakiyar watan Yuni. Daga nan aka miƙe gefen tafkuna har St. Moritz, garin masu hannu da shuni da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1928 da 1948. Kallo muka yi, muka sayi wani kek na yankin mai cike da 'ya'yan itace masu kama da gyaɗa da narkakken sukari, muka ƙara gaba.

Mashigin Julier ya fi tsayi, mita 2,284. Can sama babu bishiya, sai ciyawa da duwatsu da iska mai sanyin da ya fi na hunturun Agadas. A hanya mun wuce shanu da ƙararrawa a wuya. Makiyayansu kan hau da su tudu idan zafi ya shigo, su sauko da su kafin sanyi, kamar yadda Fulani ke tafiya mashekari. Madarar nan ce ake yin cukun da ke cikin kusan duk abincinsu. Wajen gangarowa direba ya bar mota a ƙaramar giya, domin wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji yana ƙauri kafin ya kai ƙasa.

A Chur muka kwana na biyu, a nan ne kuma maganar abinci ta so kulawa. Miyar sha'ir ɗinsu da ake yabo galibi da naman alade ake yin ta. Narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki, fondue, da barasa ake haɗa shi. Ku riƙe kalmomi uku: maiale a Italiyanci, Schwein da Speck a Jamusanci. In kun gan su a takardar abinci, ku wuce. Mu rösti muka ci, gurzajjen dankalin turawa da aka soya kamar waina, bayan mun tabbatar babu nama a ciki. Magariba kuwa sai bayan ƙarfe tara ta faɗi.

Babbar hanyar Suwizalan sai da takardar shaidar biya, faran 40, ko da rana ɗaya za ka yi. Ostiriya ma tana da tata, akwai ta kwana goma. Muka ratsa Liechtenstein, ƙasar da duka faɗinta murabba'in kilomita 160 ne, muka hango fadar sarkinsu a kan dutse a Vaduz. Kafin shayin da ke hannuna ya huce mun fita.

Sai ga Bludenz, ƙaramin gari a tsakanin duwatsu. Nan ne gidan Getzner, kamfanin da aka kafa tun 1818, wanda shaddarsa ke cika filin Idi daga Kano har Bamako. Na tsaya ina kallon ginin, na tuna shekarun da na yi ina auna ta ban san nan take fitowa ba. Da dare muka ci Käsknöpfle, 'yan curin fulawa da cuku da soyayyar albasa. Da safe aka ba mu Riebel, tsakin masara da aka dafa da madara aka soya ya warwatse, ɗan uwan dambu sak.

Zangon ƙarshe Lustenau ne, a bakin kogin Rhine, garin da ke yi wa Afirka ta Yamma leshi tun shekarun 1960. Na zauna kusa da Alhaji a gaban dillalinsa. Na ga yadda ake zaɓen zane, yadda ake biyan kafin alƙalami, da lokacin da kaya ke ɗauka kafin su iso. Na karɓi katinsa, shi ma ya rubuta sunana. Hanyar kuma ta ba mu abin da shago ba ya bari: awa da awa mu biyu, babu mai ciniki, har muka yi maganar bashin da ke waje da makarantar yara tiryan-tiryan.

Na san wasu za su ce almubazzaranci ne, kuɗin tikitina ya isa ƙarin kaya. Gaskiya ne ya isa. Amma yanzu mutum biyu ne suka san hanyar kayan shagonmu. Ba kowa ke zuwa Turai ba, wani Lome yake saro, wani Legas, wani Dubai. Maigida, ko ina ne, ka tafi da ita sau ɗaya, ka nuna ta ga masu ba ka kaya. Ke kuma uwargida, ki tafi da littafi da biro, da rigar sanyi in Alps za a bi.