Legas da Lissafin da Ake Yi Mata a Abuja

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan siyasa da masu sharhi a Abuja, musamman tun daga 2021 lokacin da jihohin Ribas da Legas suka yunƙura domin karɓe ikon tara harajin saye da sayarwa, wato VAT, daga hannun gwamnatin tarayya. Maganar ita ce wai Legas ce ke goye da Nijeriya, sauran jihohi kuwa, musamman na arewa, 'yan cima-zaune ne masu jiran kason wata-wata. Ta sake tasowa da ƙarfi a ƙarshen 2024 da aka kai ƙudurorin gyaran haraji gaban Majalisar Tarayya, kuma abin takaici shi ne har wasu 'yan arewa masu ilimi sun haɗiye ta ba tare da sun tauna ba.

Tushen kuskuren yana cikin yadda ake rubuta harajin. VAT haraji ne da mai saye ke biya a kan kaya ko hidima, kamfani kuwa ɗan aike ne kawai da ke tarawa ya miƙa wa hukuma, amma an yi shekara da shekaru ana rubuta kuɗin da sunan jihar da hedikwatar kamfanin take. Saboda haka ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya sa kati a wayarsa, da magini a Gusau da ya sayi buhun siminti, da ma'aikaciya a Wuse da banki ya cire mata kuɗin hidima, duk sun biya haraji daga aljihunsu, sai dai da yake manyan kamfanonin sadarwa da bankuna da masana'antu suna zaune ne a Ikoyi da Victoria Island da Ikeja, littafin hukuma ya daɗe yana nuna kamar Legas ce ta biya. Ƙari a kan haka, ɗanyen kayan abinci irin su hatsi da albasa da tumatir, waɗanda su ne babban abin da arewa ke fitarwa, doka ta ɗauke musu wannan haraji domin sauƙaƙa wa talaka, don haka guminsu ba ya bayyana a jadawalin da ake yi wa arewa gori da shi.

Tarihin birnin ma bai goyi bayan masu gorin ba. Legas ta kasance fadar mulkin ƙasa daga 1914 har zuwa 12 ga Disamba 1991 da aka komo Abuja, kuma a tsawon wannan lokaci baitulmalin ƙasa ne ya gina mata abin da take tinƙaho da shi: tashar jiragen ruwa ta Tin Can da aka buɗe a 1977, da filin jirgin sama na Murtala Muhammed, da gadar Third Mainland da aka kammala a 1990. Kafin kuɗin man fetur kuwa, tun da layin dogo ya haɗa Kano da bakin teku a farkon ƙarnin da ya gabata, gyaɗar da aka tara dala-dala da auduga da ƙiraga suna cikin kayan da suka raya tashar Apapa. Tashar ruwa ƙofa ce, ƙimarta kuma tana ga yawan jama'ar gidan da ke shige da fice ta cikinta.

Haka abin yake ta fuskar jama'a, domin Hausawan Agege da Idi-Araba sun yi zuriya bayan zuriya a can, kasuwar Mile 12 da mayankar Oko-Oba kuma suna rayuwa ne da manyan motocin da ke kwana a hanya daga arewa. Da dillalan abinci da na shanu suka dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki a farkon 2021, farashin tumatir da nama ya yi tashin gwauron zabo a birnin nan take.

Babu mai musun cewa gwamnatocin Legas tun daga 1999 sun ƙware wajen tara kuɗin shiga, kuma birnin yana ɗauke da nauyin miliyoyin baƙi, abin da ya sa neman a ba shi kulawa ta musamman ba laifi ba ne. Shugabannin arewa kuma suna da nasu kason na zargi, domin an ƙaddamar da tashar ruwa ta Baro a 2019 aka bar ta babu hanyar kirki da za ta kai gare ta, tasoshin tudu na Kaduna da Dala da Funtuwa kuma, waɗanda aka kafa domin ɗan kasuwa ya yi hulɗa da kwastam kusa da gida, ba za su yi cikakken amfani ba muddin jirgin ƙasa na ɗaukar kaya bai zama abin dogaro ba. A kan waɗannan ya kamata wakilan arewa a majalisa su ɗaga murya a lokacin kasafin kuɗi, su kuma tsaya kai da fata sai hukumar haraji tana wallafa alƙaluman VAT bisa jihar da aka sayi kaya aka yi amfani da su, wata bayan wata, yadda kowane ɗan ƙasa zai iya dubawa.